Yadda ake tafiya da iyali a mota a yada zango a bakin tekun da babu mutane

A tafiyarmu ta farko, da la'asar muka kafa tanti a kan rairayi, kuma tsakaninmu da ruwa akwai tazarar da ta kai tsawon filin ƙwallo. Wajen ƙarfe biyu na dare uwargida ta taɓa ni ta ce, "Baban yara, tashi ka ji, kamar ƙarar ruwan nan ta matso." Na haska tocila, sai ga kumfa tana lasar turakun tanti, takalmin autarmu ƙafa ɗaya kuwa tuni ya yi gaba. Haka muka kwashe kaya cikin duhu, yara na kuka, muka ƙarasa kwana a zaune cikin mota. Ba wanda ya ji ciwo, amma tun daga ranar na san cewa a irin wannan tafiya teku ne ke tsara lokaci, kai naka bi. Duk abin da zan lissafa a nan a kan haka ya ginu.

Fara da tambaya

Kafin ka sayi ko igiya, ka san inda za ku. Buɗe taswira ka duba abu uku: gari na ƙarshe da ke da gidan mai, asibiti mafi kusa, da inda kwalta ta ƙare. Ka rubuta nisan da ke tsakaninsu da kilomita a takarda. Daga nan sai ka bincika ko an yarda a kwana a wurin. Gaɓar teku da yawa da ake ganin kamar ba mai ita, tana cikin gandun da hukuma ke karewa, ko ƙasar wata al'umma ce, ko kuma filin soja. A gaɓar Skeleton ta ƙasar Namibiya, alal misali, ba a shiga sai da takardar izini, kuma akwai ɓangaren da ba a barin mutum ya tuƙa kansa ya shiga yadda ya ga dama. Wata ƙasar ta yarda ka kafa tanti amma ta hana hura wuta, wata kuma ta hana hawa rairayi da mota gaba ɗaya.

In kun isa ƙauye na ƙarshe, ka tsaya ka gaisa da masunta. Da ɗan gari akan ci gari. Su ne suka san inda yashi ke haɗiye mota, da bakin kogin da ba a ƙetarewa, da inda ruwa ke jan mutum. Minti goma da su ya fi awa biyu a intanet.

Idan wannan ne karonku na farko, kwana biyu ya isa, kuma kada ku yi nisan da ya wuce awa biyu daga gari. Na ga masu tsara kwana bakwai da jariri a goye, sun dawo a na biyu ba mai yi wa wani magana.

Koyi agogon teku

Wannan ne matakin da ya kamata ka ba lokaci sosai. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a kowace rana. Daga cika zuwa cika kusan awa 12 da minti 25 ne, wato daga cika zuwa janyewa awa shida da 'yan mintoci. Saboda wannan rarar, lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. In yau ya cika da ƙarfe huɗu na yamma, gobe sai wajen biyar saura, jibi sai kusan shida saura kwata. Akwai wuraren da sau ɗaya kawai yake cika a rana, don haka jadawalin gaɓar da za ku shi ne abin dogaro. Hukumomin tashar jiragen ruwa da na hasashen yanayi suna fitar da shi, akwai kuma manhajojin waya. Ka sauke shi, sannan ka kwafe na kwanakin tafiyarku a takarda ka manna a gaban mota, domin inda za ku babu sabis.

Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Lokacin da wata ya cika, wato wajen sha huɗu ga wata, da kuma lokacin da ya ɓace kafin tsayuwar sabo, jan su biyun na haɗuwa a layi ɗaya, sai teku ya yi cikar da ta fi ta kullum, ya kuma janye fiye da kullum. Yawanci kwana ɗaya ko biyu bayan nan abin ya fi ƙarfi. Mu a daren farin wata muka je, don muna son haske, ba mu san mun zaɓi daren da ruwa ya fi hawa ba.

Girman hawan ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A mafi yawan Bahar Rum bai kai rabin mita ba, a mashigin Fundy na Kanada kuwa yakan kai mita 16. Kuma a gaɓa mai shimfiɗe, hawan mita ɗaya kacal na iya cinye ɗaruruwan mitoci na rairayi.

Ga wani lissafi da matuƙan jiragen ruwa ke amfani da shi. Ruwa ba ya hawa da gudu ɗaya a cikin awa shidan nan. Ka raba hawan gida 12: awa ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu kashi 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Ka ga ke nan rabin ruwan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake zuwa. Shi ya sa mutum zai zauna awa guda yana kallo ya ce ai ruwan nan ba ya motsi, ya tafi yawo bayan wani dutse, ya juyo ya tarar hanya ta rufe.

Mota

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai mota wurin bakanike mako guda kafin tashi, don in ya taɓa wani abu ya ƙi zama, ka gano tun kana cikin gari. A duba birki, baƙin mai, lagireto da robobinsa, bel, da baturi. A duba tayoyi har da safaya, domin safayar da ta shekara biyu a ƙarƙashin mota sau da yawa ba iska a cikinta.

Kayan da ba na tashi sai da su: shebur mai dogon ƙota, jak da katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse cikin yashi, ma'aunin iskar taya, famfon taya mai aiki da baturin mota, igiyar jan mota mai ƙarfi, wayoyin tayar da baturi, abin kashe gobara, da faifan roba ko katako biyu da ake sa wa a ƙarƙashin taya in mota ta kafe. Makullin mota na biyu kuma ya zauna a wuyan uwargida ko wani babba. Makulli in ya faɗi cikin rairayi, sai dai labari.

In motarka ba mai jan ƙafa huɗu ba ce, kada ka hau rairayi da ita. Ajiye ta inda ƙasa ke da tauri ku ɗauki kaya a ka, ba abin kunya ba ne.

Ruwa da mai

Kuna zaune gaban ruwa iya ganin ido, amma ko kurɓi ɗaya ba ya shayuwa. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, shan sa ƙishi yake ƙarawa. Ni lita biyar nake ware wa kowane mutum a rana don sha da girki, yaro da babba duk ɗaya, domin abin da yaro bai sha ba zai zubar. Mutum biyar a kwana uku lita 75 ke nan. Sai na ƙara na kwana biyu da ba a taɓawa sai in mota ta lalace, wato wasu lita 50. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka ka sani ka ɗora wa mota nauyin manya biyu. Raba ruwan a jarkoki da yawa, kada ya zama tanki guda, in ɗaya ta fashe saura na nan. Wanke kwanuka kuwa a fara da ruwan teku da yashi, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi.

Mai ma haka. Mota a cikin yashi na shan mai fiye da yadda ka saba gani a kwalta, wani lokaci har ya kusa ninkawa. Cika tanki a gidan mai na ƙarshe ko da rabi ne kawai ya sauka. Tsarina shi ne kashi ɗaya cikin uku na shiga, kashi ɗaya na fita, kashi ɗaya ajiya. Da allura ta nuna kashin farko ya ƙare, nan ne iyakar tafiyarmu, ko da an ce mana wurin da ya fi kyau na gaba kaɗan. Jarkar mai a waje ake ɗaure ta, ba a cikin motar da yara ke numfashi ba.

Abinci ba sai an wahala ba. Mai saurin lalacewa a cinye shi ranar farko, saura ya zama busasshe da na gwangwani. In za ka ɗauki kula, daskarar da ruwa a cikin manyan gorunan roba ka jera a ƙasa. Sun fi ƙananan ƙanƙara daɗewa, in sun narke kuma ga ruwan sha. Kular ta zauna a inuwa, a hana yara buɗe ta kowane minti biyar, in za su hanu.

Lodi da hanya

Mai nauyi a ƙasa, kusa da tsakiyar mota, a ɗaure. Saman mota na kaya marasa nauyi ne irin su katifu da tamfol, domin jarkokin ruwa a sama na sa mota ta yi tangaɗi a gangare. Shebur, akwatin magani da tocila su zama na ƙarshe da za a saka, don su ne na farko da za a nema.

Kafin sabis ya ɗauke, ka kira wani amintacce ka gaya masa inda za ku kwana, lambar mota, da ranar da za ku fito. Ku yanke magana a fili: in rana kaza ƙarfe kaza ta yi bai ji ku ba, ya sanar da hukuma. Sauke taswirar yankin a waya tun daga gida. Na'urar nuna wuri da ke cikin waya da tauraron ɗan'adam take aiki, tana nuna inda kake ko babu sabis, muddin taswirar na ciki kuma akwai caji.

A hanya ku tsaya duk bayan awa biyu yara su miƙe ƙafa. Kowa da bel ɗinsa, ƙanana a kujerarsu ta yara, har a kan rairayi. Mai amai a mota ya zauna inda yake ganin gaba, a karɓe masa waya. Ku tsara yadda za ku isa da sauran awa uku kafin faɗuwar rana, kuma isowar ta dace da janyewar teku in akwai rairayin da za a bi. In biyun ba su haɗu ba, a sauya ranar tafiya.

Tuƙi a kan rairayi

Akwai wuraren da bakin teku shi ne hanyar. Kafin a shimfiɗa kwalta tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu a Muritaniya, direbobi kan jira teku ya janye su bi gaɓa. A tsibirin K'gari na Ostareliya rairayin gabas hanya ce da doka ta sani, har da iyakar gudu. A ko'ina ƙa'idar ɗaya ce: ana tafiya ne daga awa biyu kafin ƙarshen janyewa zuwa awa biyu bayansa.

Kafin ka hau yashi, tsaya ka rage iskar tayoyi huɗu. Ƙaramar mota a kwalta takan kasance wajen 32 zuwa 35 a ma'aunin iskar taya da ake kira psi, a yashi kuwa ana saukewa zuwa tsakanin 16 da 20. Taya mai ƙarancin iska na shimfiɗuwa, sai ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Yi da ma'auni, kada ka yi da ido. Da zarar ka rage iska ka daina gudu, kada ka wuce kilomita 40 a awa, kuma kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi, domin taya na iya zamewa daga kan ƙarfenta.

Bi jiƙaƙƙen yashi mai tauri wanda ruwa ya bari, amma kada ka shiga inda igiyar ruwa ke wankewa. In akwai sawun wata mota, bi shi. Riƙe totur daidai, ba fizga ba saki. In za ka tsaya, ɗaga ƙafa motar ta tsaya da kanta, domin taka birki na tara tudun yashi a gaban taya. Duk wani ɗan rafi da ke gangarowa teku, sauka ka taka shi da ƙafa kafin ka sa mota. Bakinsa kan yi gangare mai zurfin gwiwa wanda ba a gani daga cikin mota.

Za ka kafe, kowa na kafewa. Abin da ke raba kafewar minti goma da ta yini guda shi ne abin da ka yi a daƙiƙa biyar na farko. Da ka ji taya na juyawa mota ba ta gaba, cire ƙafarka daga totur nan take. Duk ƙarin juyi rami kake haƙa wa kanka, har cikin mota ya zauna a ƙasa. Sauke kowa, ka gwada komawa da baya a hankali kan sawunka. In ta ƙi, ƙara rage iska kaɗan, kwashe yashin da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota, ka cusa faifan nan ko tabarmin ƙafa na mota, ka tashi a hankali. In wata mota za ta ja ku, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don ja, kada a rataya ta a dunƙulen ƙarfen jan tirela, yakan karye ya tashi kamar harsashi. Yara su yi nisa fiye da tsawon igiyar sau biyu. In kuwa ruwa na hawa kuma ka ga ba za ka ci nasara ba, fara kwashe mutane, ruwan sha da takardu zuwa tudu, sannan ka koma kan mota.

Inda tanti zai zauna

Sauka ka taka da ƙafa kafin ka sauke kaya. Ka nemi layin da teku ya bari: wani dogon zare na busasshiyar ciyawar ruwa, ɓawon katantanwa, guntayen itace da marafan robobi, yana bin gaɓa. Sau da yawa za ka ga layi biyu ko uku. Na ƙasa, mai ɗanshi, na cikar da ta wuce ta ƙarshe ne. Na can sama, wanda rana ta ƙona ya yi fari, shi ne inda ruwa ke kaiwa in ya yi babbar cika ko an yi hadari. Tantinka ya wuce wannan na sama da tazara mai kyau, kuma a wurin da ya fi shi tudu. Inda ciyawar tudu ta fara tsirowa alama ce ruwan gishiri ba ya yawan zuwa. Duba bayanka kuma: in ruwa ya zo, akwai hanyar da za ku fita da mota, ko dutse ne ya tare ku?

Kada ka kwana a gindin gangaren dutse ko na ƙasa, yakan rufto ba sanarwa. Kada ka kwana a busasshen bakin kogi, ruwan saman da aka yi a nesa zai iya iso maka da dare. Kusa da fadama da dazukan bakin ruwa sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo sun fi yawa, a wasu ƙasashe masu zafi kamar arewacin Ostareliya kuma akwai kada a irin waɗannan wurare. Tuddan yashi masu ciyawa a bar su, saiwar ciyawar ce ke riƙe gaɓar.

Sai iska. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin zafi, don haka iska daga teku take busowa, ta fi ƙarfi da yamma. Da dare takan juya ta fito daga tudu. Ka sa mota ta zama katanga ta ɓangaren da iska ta fi ƙarfi, ƙofar tanti kuma ta kalli gefe. Siraran turakun da ke zuwa da tanti ba su da amfani a yashi, iska ɗaya za ta tuge su. Abin da ke riƙewa shi ne ka cika jaka ko ƙaramin buhu da yashi, ka ɗaura igiyar tanti a jiki, ka haƙa rami mai zurfin kamu biyu ka binne, ka tattake. Guntun itace da aka binne a kwance ma yana yi. Wannan aiki ne da yara ke so, ba su shebur su yi ta haƙa. Kafin ka ɗaga tanti, jefa jakunkuna masu nauyi a ciki, in ba haka ba za ka bi shi da gudu.

Ajiye roba da ɗan ruwan teku a bakin ƙofa don wanke ƙafa, da ƙaramin tsintsiya a ciki. Duk da haka yashi zai shiga bargo, ka haƙura.

Kada zafin rana ya ruɗe ka ka bar kayan sanyi a gida. Bakin teku na yin raɓa da sanyi kafin asuba, har a gaɓar hamada. A Namibiya ruwan teku mai sanyi da ake kira Benguwela na haifar da hazo mai jiƙa kaya sharkaf da safe. Kowane yaro ya samu busassun kayan barci da ba a taɓa su da rana ba.

Wuta da sauran buƙatu

Risho ko tukunyar gas a waje ake kunna su, a bayan abin da ke tare iska. Ko ana ruwa, ko sanyi ya kai yaya, kada ka shigar da risho, gawayi ko fitilar mai cikin tanti, kada kuma ku kwana a mota injin na aiki. Hayaƙin na ɗauke da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya sanin ta shige shi.

In an yarda a hura wuta, yi ƙarama, nesa da tanti da ciyawa. Da ruwa ake kashe ta, a zuba har ta daina huci. Rufe garwashi da yashi ɓoye shi ne kawai, zai kai safe da zafinsa, kuma ƙafar yaro ce za ta gano shi.

Bahaya a yi shi can tudu, aƙalla mita 60 daga kowane ruwa da kuma zango, a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe. Takardar gogewa da kunzugun jarirai a ƙulle a leda a fito da su. Sabulu da ruwan wanke hannu su zauna a wuri ɗaya da kowa ya sani, domin gudawa a inda babu asibiti ita ce ke tashin zango. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

In gaɓar na cikin wuraren da kunkurun teku ke yin ƙwai, kashe fitilu masu haske da dare. 'Ya'yan in sun ƙyanƙyashe haske suke bi su sami ruwa, fitilar zango na juya su zuwa tudu.

Yara da ruwa

A nan ba mai ceto da ke zaune a kan hasumiya, ku ne kawai. Dokarmu ita ce a kowane lokaci akwai babba ɗaya da aikinsa kallon yara ne kaɗai, ba girki, ba waya. In zai tashi sai ya kira sunan wanda zai karɓa, shi kuma ya amsa. "Na ɗauka kina kallonsu" ita ce maganar da ba na so a taɓa yi. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi. Ƙanana su sa rigar ceto ko a gefen ruwa suke wasa, kuma kada su wuce inda hannunka zai kai. Balan-balan na ninkaya da katifar iska a bar su a gida, iskar tudu na tura su cikin teku da yaro a kai.

Abin da ya fi cin mutane a bakin teku shi ne wata siririyar hanya da ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa ke bi ya koma ciki da gudu. Abin yaudarar shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: igiyoyi na fashewa dama da hagu, tsakiya kuwa lumui, ruwan ya ɗan fi duhu, wani lokaci ka ga kumfa ko yashi na tafiya ciki. Hau tudu ka kalli ruwan na minti goma kafin kowa ya shiga, ka nuna wa manyan yara da yatsa. Ka koya musu cewa wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, zai gaji. Ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu. Wanda ke waje kuma ya jefa masa abin da ke iyo, ko jarkar da ba komai a ciki, kada ya faɗa hannu rabbana. Ni dai a gaɓar da ban sani ba, ruwa iya gwiwa ne iyakarmu.

Kada kowa ya juya wa teku baya a kan duwatsu, domin a cikin igiyoyi akan sami guda da ta fi saura girma nesa ba kusa ba. A hana yara haƙa rami mai zurfi ko kogo a yashi, yakan rufta, iya gwiwar ƙaraminsu ya isa. Su sa takalmi saboda ƙaya, ƙugiyar masunta da zafin rairayi. In wata halittar ruwa mai santsi da zare-zare ta harbi yaro, a wanke da ruwan teku, a cire zaren ba da hannu tsirara ba, kada a goge wurin kuma kada a zuba ruwan daɗi. In numfashi ya fara yi masa wuya ko fuska ta kumbura, a nufi asibiti nan take.

Rana a bakin teku ta sama da ta ƙasa ce, domin ruwa da yashi na maido da haskenta. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a zauna a inuwar tamfol, da hula da riga mai dogon hannu. Man kariya daga rana a sake shafawa duk awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa, baƙar fata ma na ƙonewa. Jaririn da bai kai wata shida ba inuwa ce tasa. Kuma ko na minti biyu kada a bar yaro a rufaffiyar mota.

Abu ɗaya da ba kasafai yake faruwa ba amma ya kamata kowa ya sani: in kun ji ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko kuka ga teku ya ja da baya farat ɗaya fiye da abin da jadawali ya nuna, ku bar komai ku hau tudu mafi tsawo, ku zauna can, domin igiyar farko ba lallai ita ce babba ba. A ambaliyar tsunami ta Tekun Indiya ranar 26 ga Disamba 2004, wadda ta kashe sama da mutum 200,000, a wasu gaɓoɓin mutane sun gangara kallon ƙasan tekun da ya bushe.

In mota ta mutu

Ku zauna tare da ita muddin tana sama da layin ruwa. Mota ta fi mutum sauƙin hangowa, tana da inuwa, ga ruwanku a ciki, ga kuma wanda kuka bar wa saƙo ya san ranar da zai fara nema. Ɗaga murfin injin, ka shimfiɗa tamfol mai launi. Don kauce wa mutuwar baturi tun farko, kada a bar ƙofofi a buɗe fitilun ciki na ci, kada kuma a yi ta cajin wayoyi injin na kashe.

Tashi

Ranar fita ma jadawali ne zai faɗi lokaci. In janyewar ta faɗo ƙarfe shida na safe, to da daddare za a haɗa kaya a bar tanti kawai. Tono jakunkunan da kuka binne, ku cike ramukan, ku bi wurin a jere kuna tsintar shara, taku da wadda kuka tarar. Da kun taka ƙasa mai tauri, tsaya ka mayar wa tayoyi iskarsu kafin ka hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu zafi take ɗauka ta fashe. Ƙaramin famfo kan ɗauki mintoci a kowace taya, ka bar injin na aiki yayin da kake bugawa. Da sabis ya dawo, kiran farko na wanda ke jiran labarinku ne.

A gida, a ranar ko washegari, kai mota a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, a bi bayan tayoyi, birki da duk lungun da yashi ke maƙalewa, domin gishiri ba ya jira wajen cin ƙarfe. A buɗe matatar iskar injin a kakkaɓe. Tanti a ɗauraye shi da ruwan daɗi, musamman zif da sandunan, a shanya ya bushe ƙarau kafin a naɗe, in ba haka ba a tafiya ta gaba za ka buɗe shi ka tarar ya yi fumfuna, zif ɗin kuma ya ƙi motsi.